Inda Gajimare Ke Zuwa In Ya Yi Barci

Jatau ya shuri karensa yana tsakiyar mafarki, kare kuwa ya farka babu kurwa a jikinsa. Abin da ya ɓaci ke nan, kuma ba wanda ya ɓata shi sai Jatau da ƙafarsa.

A Tungar Ƙirya, garin maharba, ko wanda bai taɓa riƙe baka ba ya san ba a tada kare in ƙafafunsa na motsi a barci. In ta kama dole, ubangidansa zai cire hula ya ajiye kusa da hancinsa, ya koma gefe. Warin hular shi zai kira karen, ya biyo shi a hankali har ya iso jikinsa. Jatau ya san wannan sarai. Shi ma yakan koya wa wasu.

Sunan karen Gajimare, saboda launinsa toka-toka. Marka matar Jatau ita ta raine shi da ƙanzo tun yana kwikwiyo, don Allah bai ba su haihuwa ba, gidan kuwa ya yi mata shiru. Jatau ke zuwa da shi daji, amma akwai wani siririn kuka da yake yi ta hanci yana buga wutsiya a ƙasa, wannan Marka kaɗai yake yi wa, in ya ga ta ɗauko tukunyar tuwo.

Marka ta rasu a lokacin kaka, zazzaɓi ya ɗauke ta. Jatau bai yi kuka ba, ya karɓi gaisuwa ya koma dajinsa. Abin da ke cinsa daban ne: ko sau ɗaya bai taɓa mafarkinta ba. Zai kwanta, duhu, ya tashi. Har fuskarta ta fara ɓace masa, sai ya rufe ido ya nemo ta ya rasa.

Ran da abin ya faru bazara ce, rana tsaka. Gajimare ya tona rami a damshin gindin randa ya kwanta. Jatau na zaune yana gyaran kibiya sai ya ji kukan nan na ta hanci. Ya ɗaga kai. Idon kare a rufe, fatar idon na rawa, ƙafafu na ɗan gudu, wutsiya na bugun ƙasa.

Wato shi yana ganinta.

Jatau ya miƙe ya ce, "Mijinta na nan zaune, kai kare ne za ka riƙa ganinta?" Ya sa ƙafa ya shure shi a haƙarƙari.

Gajimare ya buɗe ido. Bai yi kuka ba, bai gudu ba. Ya zauna yana kallon bango. Aka ba shi nama bai ci ba, aka ba shi ruwa bai lasa ba, barci kuwa ko gyangyaɗi. Da ƙasusuwansa suka fara fitowa, Jatau ya saɓa shi a kafaɗa ya kai wa tsoho Cindo, abokin marigayi babansa, wanda ya makance ya bar farauta.

Cindo ya shafa karen ya ce, "Wannan fata ce da ƙashi ka kawo mini. Ina karen?"

Jatau ya faɗa masa.

"Kai dai kanka kamar turmi, tun kana yaro. Ubanka bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini, Baba. Faɗa za ka yi ko magani za ka ba ni?"

"Babu magani, sai dai tafiya. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa kare ke zagaye wuri kafin ya kwanta? Ƙofa yake nema. Ka koma ramin da ya tona, da rana tsaka. Ka durƙusa da hannu da gwiwa ka yi ta zagaye har ƙasa ta yi laushi. Sannan ka naɗe, ka cusa hancinka a gashin wuyansa."

"Ni da gemuna? In wani ya leƙo?"

"Ya leƙo mana. Da ka ɗaga ƙafa wa ka ji wa kunya?"

Jatau ya koma gida ya yi yadda aka ce. Ya yi ta zagaye har jiri ya kama shi, ƙasa ta lotsa kamar kunu, ya naɗe, ya nutse.

Ya tsinci kansa a bakin wata ƙofar ƙasa, gajera, a wata duniya da hazo ya rufe samanta daidai ƙugun mutum. A bakin ƙofar wani aljani ne tsugune, babu ido a fuskarsa, sai hanci kamar an kifa turmi.

Aljanin ya ce, "Dakata, ya kai ɗan Adam. Na shinshino ka tun kana zagaye. Kana warin hayaƙi da tsohon jini da girkin gwauro, da wani baƙin ciki da aka rufe a tukunya har ya ruɓe. Me ya kawo mai ƙafa biyu ƙofar masu ƙafa huɗu?"

Jatau ya ce, "Karena na zo nema."

"Naka ne? To, za a gani. Ka ji dokar ƙasar nan: ba a miƙewa tsaye. Duk sa'ad da kanka ya taɓa hazon can, ƙasar za ta tofar da kai, ƙofa kuma ba ta sake buɗe maka. Ka yarda?"

"Da ban yarda ba da ban zo da rarrafe ba. Matsa."

Ya shige. Sai ga wani fili ba iyaka, ciyawa na walƙiya, zomaye masu ƙiba na tsalle ko'ina. Karnukan duniya duka suna nan suna gudu. 'Yan kwikwiyo na ɓullowa suna ɓacewa kamar tartsatsin wuta, don mafarkinsu gajere ne, amma ba ya ƙarewa. Manyan tsofaffin karnuka kuwa in sun shigo sai su daɗe suna bin zomo ɗaya. Ba wanda ya taɓa kamawa, ba kuma wanda ya gaji. Nan Jatau ya gane gudun da ƙafar kare ke yi in yana kwance.

Yana cikin rarrafe sai wani gwanki ya tare masa hanya, fari fat, ƙahonsa kamar an wanke da madara. Jatau ya san shi. Shi ne wanda ya yi ta bi tun yana saurayi, kibiyarsa na kuskure. Ga baka da kibiya a yashe cikin ciyawa.

Gwankin ya ce, "Ya kai Jatau ɗan Barau, yau na gaji da gudu. Ga wuyana. Tashi ka ɗana, a yi maka kirarin da ba a yi wa ubanka ba."

Hannun Jatau ya kai kan bakan da kansa. Amma ba a jan baka irin wannan sai a tsaye. Ya daɗe yana kallon wuyan nan, sannan ya ce, "In na kai ka gida wa zai dafa? Tafi ka ba ni wuri." Ya bi ta ƙarƙashin cikinsa ya wuce.

Filin ya ƙare a wani kwazazzabo mai duhu. Tun daga nesa ya ji gurnani da kururuwa. Wata tsohuwar karya mai ƙafa uku, duk ƙazuwa ta cinye ta, tana kwance a bakin hanya.

Ta ce, "Sannu, ya kai ɗan masu jifa. Duk abin da ɗan Adam ya taɓa jifan kare da shi, nan yake faɗowa. In ka ji kare na gurnani a barci yana makyarkyata, nan ya ratso. Mu kullum muke ratsawa. Kai sau ɗaya kawai aka nema ka ratsa."

Jatau ya shiga. Hannuwa marasa jiki suka riƙa saukowa daga cikin hazo, wani da dutse, wani da bakin wuta, wani da ruwan zafi a ƙwarya. Ana ta "Kai! Fita! Tir!" da muryoyin maza da mata da yara. Dutse ya fasa masa goshi, ruwan zafi ya saɓule masa baya. Jikinsa na ce masa tashi ka gudu, shi kuwa ya manne da ƙasa. Ya kusa fita sai wata ƙafa ta sauko gabansa, girmanta kamar rumbu, diddigenta duk faso, ga tabon saran maciji a idon sawu. Ya san tabon, nasa ne.

Ya ce, "To, yi abin da ka zo yi."

Ƙafar ta shure shi a haƙarƙari. Ya ji ƙashi ya ce ƙas, ya yi ta gangarawa har ya tsaya a gindin wata bishiya.

A nan wata tsohuwa ke zaune tana kaɗi da mazari. Jikinta na mutum, kunnuwanta na kare, dogaye har kafaɗa. Zaruruwa ba adadi sun fita daga cinyarta sun bi ko'ina. A bayanta gidaje ne birjik, kowanne ƙofarsa daidai tsayin kare.

Jatau ya ce, "Ranki ya daɗe."

Ta ce, "Ni ce Magajiyar Barci, ya kai mai ƙafar nan. Kowane kare in ya kwanta, ni ke riƙe masa zaren da zai bi ya koma. Da warin ubangidansa nake kaɗa shi, domin kare bai san wata hanyar gida ba sai wannan. Duba naka."

Ta ɗaga wani guntun zare, bakinsa a tsinke.

"A ƙulla mana," in ji Jatau.

"Wanda ya tsinka da ƙafa ba ya ba da umarni da baki. Ba ya ƙulluwa. Sai dai a kaɗa sabo, kuma hanyar da ta rufe ba ta buɗuwa da ɗan abin da ke jikin hula. Sai na zare warin jikinka duka, daga gashin kai har tafin ƙafa. Karen zai bi shi ya cinye shi a hanya. Daga ranar babu karen da zai sake sanin ka, har shi. Za ka zama masa abu mai tafiya marar wari, kare kuwa ba abin da ya tsana kamar wannan."

Jatau ya ce, "Matata na ciki?"

"Matarka na wurin Ubangijinta, ba ni da iko da ita. Abin da ke ciki shi ne abin da karen ya adana: muryarta, tafiyarta, ƙamshinta. Yana nan muddin karen na numfashi. In ya mutu, gidan can zai rushe da duk abin da ke cikinsa. Numfashin nasa kuwa saura kaɗan. Ka amince in kaɗa?"

"Kaɗa."

Ta tsinci wani abu daga goshinsa kamar mai cire yanar gizo, ta ɗaura a mazari ta murza. Ya ji sanyi na bin jikinsa.

Ta ce, "Shiga ka kira shi. In mazarin nan ya faɗi daga hannuna, jikinsa ya mutu ke nan. Kada ka tsaya kallo."

Ya kutsa ta ƙaramar ƙofa, sai ga shi a tsakar gidansa. Komai ya yi girma. Randa kamar ɗaki, turmi kamar bishiyar kuka. Ƙamshin daddawa da hayaƙin kara da man kaɗanya ya buge shi. Gajimare na zaune gaban kaskonsa, gashinsa na sheƙi, yana kukan nan ta hanci.

Ga kuma ƙafafunta. Ga lallen da ya fara koɗewa, ga bakin zanenta mai ruwan bula da ɗinkin da ta yi masa a gefe. Daga ƙugu zuwa sama hazo ya rufe. Sai ƙarar kankarar tukunya, ƙurr, ƙurr. Jatau ya san yadda take yi. In ta gama kankara za ta sunkuyo ta juye ƙanzon a kasko, ta ja kunnen kare. In ta sunkuyo, fuskarta za ta shigo ƙasan hazo.

Sai ta yi magana. Maganganun da takan yi wa karen ne in Jatau ba ya nan. Shi kare bai san ma'anarsu ba, sautin kawai ya riƙe, bai zubar da ko ɗaya ba.

"Kai dai ka cika ci, kamar ubangidanka. Jiya ya ce miyata ta yi gishiri, ya kuma share kwanon har da lasa. Ka gan shi nan, fuska kullum kamar an aiko masa da mutuwa."

Ƙurr, ƙurr.

"'Yan uwansa sun sake zuwa a kan maganar haihuwa. Ka san me ya ce musu? Ya ce wanda ya gaji da ganina ya daina zuwa gidan. Bai san na ji ba. Ni ma ba zan gaya masa na ji ba, kansa zai ƙara girma."

Jatau ya kifa goshi a ƙasa. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya zo masa gaba ɗaya, karyayyen haƙarƙari na sukarsa.

Ya ce, "Marka. Marka, ni ne."

Ba ta ji ba. Kankara kawai take, ba ta sauri, don ita a rayuwarta ba ta taɓa yin sauri a kan tukunya ba.

Daga waje Magajiya ta ce, "Ya kai ɗan Adam, mazari na rawa."

"Ta kusa gamawa. Bari ta sunkuyo, sau ɗaya tak."

"Ba zai kai ba."

Hazon na nan dab da kansa. In ya miƙe zai gan ta ido da ido kafin ƙasar ta tofar da shi. Gwiwarsa ɗaya har ta bar ƙasa. Sai ya dubi karen, yadda ya kafa ido sama yana jira, wutsiya na share ƙura. Ya mai da gwiwar.

Ya sa yatsu a baki ya yi fiton farauta.

Gajimare ya juyo. Ya dubi Jatau, ya dubi tukunya, ya sake duban Jatau. Ya yi taku ɗaya ya koma. Kankarar ta tsaya. Marka ta ce abin da takan ce duk safiyar da za su fita daji:

"Tashi mana, ba ka ji Mai Baka na kira ba? Zan ajiye maka. Tafi, ka kula mini da shi, ba ya kula da kansa."

Karen ya taso da gudu. Ya sa hanci a kan zaren ya bi, ya wuce Jatau kamar iska. Zaren ya fizgi Jatau ta baya. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne gwiwoyinta sun fara lanƙwashewa, gefen mayafinta ya leƙo ƙasan hazo. Daga nan sai duhu.

Ya farka a gindin randa, jini a goshi, baya a saɓule. Gajimare na tsaye da ƙyar, kansa cikin kaskon ruwa yana sha. Jatau ya miƙa hannu ya ce, "Gajimare."

Karen ya ɗago. Ya shinshina iska, ya sake shinshinawa. Gashin bayansa ya miƙe. Ya ja da baya har ƙofar ɗakin Marka, ya tsaya a nan ya bankaɗe haƙora, ya yi ta haushi da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Jatau ya yi fito, ya kira sunansa, ya jefa masa hula. Karen ya shinshina hular ya bar ta kamar dutse. Da Jatau ya matso, sai karen ya kafa masa haƙori a hannu.

Ya gwada zama a gidan, bai yiwu ba. Muddin yana ciki karen ba ya ci, ba ya kwanciya, gadi kawai yake. Kare kuwa in bai yi barci ba, babu mai kankarar tukunya. Jatau ya kwashe kwari da baka da tabarma, ya kafa bukka a bayan danga. Tsoho Cindo ya koma gidan da zama, shi ke zuba wa karen abinci.

Yanzu naman daji ba ya jin zuwan Jatau. Yakan isa har gaban barewa ba ta ɗago kai ba. Bai taɓa samun nama kamar haka ba, ba ya kuma jin daɗin ko tsoka ɗaya. Ya yanke mai kyau ya cilla ta saman danga, ya koma. Karnukan gari duka na binsa da haushi, maharba sun daina fita da shi.

Da rana tsaka yakan zo ya durƙusa a wata 'yar kafa da ya huda a jikin danga. Daga nan ana hango gindin randa. Gajimare zai zo ya zagaya, ya zagaya, ya naɗe. Can sai fatar ido ta fara rawa, wutsiya ta fara bugun ƙasa, sai kukan nan ta hanci.

Cindo yakan ce daga inuwa, "Kana nan, turmi?"

"Ina nan, Baba. Yi a hankali, kada ka tashe shi."

Har yau Jatau bai yi mafarkinta ba. Karen ya fara furfura a baki, barcinsa na ƙara tsawo. Jatau na nan durƙushe a rana yana kallon wutsiya. In ta yi bugu mai ƙarfi ta tsaya cak, ya san Marka ta sunkuyo.